Haske, Sutura Da Wuri: Yadda Fim Ke Magana Kafin Jarumi Ya Buɗe Baki

Shin hasken da ke cikin fim, da tufafin da aka sa wa jarumai, da ɗakin da aka zaunar da su, ado ne kawai da ake yi don hoto ya yi kyau, ko kuwa su ma suna cikin masu ba da labarin? Tambayar ta daɗe a bakin manazarta, amma abin da ya fito da ita gaban jama'a shi ne ƙorafin da masu kallo suka yi ta yi a 'yan shekarun nan, cewa fina-finan zamani sun cika duhu, har mutum kan ƙure hasken talabijin ɗinsa amma ya kasa bambance wanda ake duka da wanda ke dukan. Ƙorafin ya fi ƙamari a ƙarshen watan Afrilun 2019, lokacin da tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na 3 na zangon ƙarshe na shirin Game of Thrones, wanda kusan dukkansa yaƙi ne da aka gwabza cikin dare. Kafin gari ya waye masu kallo sun cika kafafen sada zumunta da cewa ba su ga komai ba, shi kuwa mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya tsaya kai da fata cewa da gangan aka yi duhun, ya ma ɗora wani ɓangare na laifin a kan waɗanda ba su iya saita talabijin ɗinsu ba.

Gardamar ta tona wani rashin fahimta da ya wuce batun shiri guda. A wurin mai kallo, aikin haske shi ne ya sa a gani, iyakarsa ke nan. A wurin mai shirya fim kuwa, haske shi ne ke yanke hukuncin abin da za a gani da abin da za a ɓoye, da kuma irin abin da zuciya za ta ji game da wanda aka nuna. Haka ma sutura da wuri. Sai an fahimci wannan sannan za a iya auna ko duhun wani fim gwaninta ce ko kuwa gazawa, domin dukansu biyun suna faruwa.

Abubuwan da ake magana a kansu

Manazarta kan raba aikin fim gida biyu. Akwai abin da kyamara ke yi da abin da mai tace hoto ke yi daga baya, akwai kuma duk abin da aka tanada a gaban kyamarar tun kafin a kunna ta, wato haske, da sutura da kwalliya, da wurin da kayan da ke cikinsa, da inda kowane jarumi zai tsaya. Wannan kashi na biyu shi ake kira tsarin fage, kuma daga wasan daɓe fim ya gado shi.

Darakta ne ke da ta cewa, amma mutum uku ne ke riƙe da aikin a ƙarƙashinsa: daraktan ɗaukar hoto, wanda fitilu ke hannunsa, da mai tsara sutura, da mai tsara wuri. An daɗe kafin a yarda cewa waɗannan sana'o'i ne masu zaman kansu. Sai a 1939 aka fara ba wani mutum, William Cameron Menzies, muƙamin mai tsara kamannin fim baki ɗaya, kuma sai daga fina-finan 1948 aka fara bayar da Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a fannin tsara sutura, kyautar da Edith Head ta ci har sau 8. Ƙa'idar da duk suka yi tarayya a kanta ita ce, babu abin da ke shiga hoto da ƙafarsa. Ko kofin da ke kan tebur wani ne ya zaɓe shi a cikin wasu, wani kuma ya yanke shawarar ko a cike zai kasance ko an sha rabi.

Haske da inuwar da yake haifarwa

Tsarin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne na fitila uku. Ta farko ita ce babbar fitila, wadda ake kafawa a gefen kyamara, sama kaɗan da kan jarumi, kuma ita ce ke haskaka fuska tare da jefa inuwa a ɗaya gefen. Ta biyu ƙarama ce, tana ɗaya ɓangaren, aikinta shi ne rage kaifin wannan inuwa. Ta uku tana bayan jarumi, tana zana siririn layin haske a gashinsa da kafaɗunsa domin ta raba shi da bangon da ke bayansa, kada su manne su zama abu guda.

Mafi yawan ma'anar tana hannun fitila ta biyu. Idan aka ƙara mata ƙarfi har ta kusa kamo ta farko, inuwa sai ta ɓace, fuska ta fito fes, kuma wannan shi ne hasken fina-finan barkwanci da tallace-tallace da ɗakin karanta labarai, inda ake son mai kallo ya saki jiki ya ji cewa ba a ɓoye masa komai ba. Idan aka rage ta ko aka kashe ta gaba ɗaya, rabin fuska sai ya nutse cikin duhu, mai kallo kuma ya fara zargin akwai abin da mutumin bai faɗa ba.

Mu ɗauki fitowa guda a matsayin misali. Wani mutum yana zaune a bakin gado, ƙanensa da ya ci amanarsa yana tsaye a bakin ƙofa, sai yayan ya ce, "Na yafe maka, ƙanena, abin da ya wuce ya wuce." A ɗauka ta farko, hasken safiya ne ke shigowa ta taga, ya ratso farin labule ya yi laushi, ya kwanta a fuskar yayan, kuma a cikin ƙwayar idonsa ana ganin ɗan ɗigon haske yana ƙyalli. A ɗauka ta biyu an rufe tagar, an bar ƙwan lantarki guda a saman kansa, goshinsa da karan hancinsa sun yi haske, amma idanunsa sun zama ramuka biyu baƙaƙe. Jarumin ɗaya ne, maganar ɗaya ce, muryar ma ba ta sauya ba, amma wanda ya kalli ta farko zai yarda an yi sulhu, wanda ya kalli ta biyu kuwa zai zauna yana jiran ranar ramuwa. Wannan ɗigon da ke cikin ido, ƙanƙantarsa ba ta hana masu ɗaukar hoto kafa masa fitila ta musamman ba, domin sun san cewa da shi mai kallo ke auna ko akwai rai da gaskiya a fuskar da yake kallo.

Irin wannan haske na saman kai shi ne mai ɗaukar hoto Gordon Willis ya yi amfani da shi a fim ɗin The Godfather na 1972. Tun farko kwalliyar tsufa da aka yi wa jarumin fim ɗin, Marlon Brando, ce ta sa aka ɗaga fitilun sama, amma sai abin ya zama hanyar nuna mutumin da ba a iya karanta zuciyarsa. Manyan kamfanin da ya ɗauki nauyin fim ɗin sun ji tsoron cewa ya yi duhu da yawa, abokan aikin Willis kuma suka laƙaba masa Yariman Duhu. Ke nan gardamar da ake yi yau ta girmi yawancin masu yin ta.

Inda haske ya fito ma magana ce. Idan ya fito daga ƙasan haɓa, fuskar da aka sani sai ta zama baƙuwa mai ban tsoro, saboda ido ya saba da rana da fitila daga sama, inuwar hanci da ta gira kuma sun juya inda ba a saba ganinsu ba. Idan ya fito daga baya kawai, mutum ya zama baƙar siffa marar fuska. Ƙaramar fitila mai kaifi tana fito da kowace tamoji da kowane tabo, yayin da haske mai faɗi da aka tace ta cikin farin ƙyalle yake shafe su, shi ya sa aka fi haska masoya da na biyun, a bar na farkon ga fursuna da mai bincikensa.

Sai kuma launin hasken, wanda ake aunawa da ma'aunin Kelvin. Fitilar ɗaukar fim ta gargajiya tana kan 3200, hasken rana kuma ana lissafa shi a 5600, harshen kyandir kuwa bai kai 2000 ba. Mai ƙaramar lamba yana karkata zuwa ruwan goro, mai babbar lamba zuwa shuɗi. Daga nan ne masu fim suka saba haɗa ruwan goro da gida da kusanci, shuɗi kuma da asibiti, da ofis, da kaɗaici. Abin lura a nan shi ne, wannan sabo ne da aka koya wa ido. Hasken wata a zahiri ba shuɗi ba ne, amma tun zamanin fina-finai marasa magana ake rina fitowar dare da shuɗi domin a sanar da mai kallo cewa dare ne, har ta kai yau ba mai tambaya.

A farkon tarihin fim ba wanda ke da wannan zaɓi. Ɗakin ɗaukar fim da kamfanin Thomas Edison ya gina a 1893 a jihar New Jersey, rufinsa buɗewa yake yi, ginin kuma ana juya shi gaba ɗaya domin ya bi rana. Jamusawa sun yi fice wajen mayar da inuwa harshe mai zaman kansa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, har a fim ɗin The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 aka zana inuwoyi da fenti a bango da ƙasa, aka karkace tagogi da ƙofofi, domin a nuna duniya kamar yadda mai taɓin hankali ke ganinta. Da dama daga cikin masu wannan fasaha sun yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan hawan 'yan Nazi mulki a 1933, kuma tasirinsu ya bayyana a fina-finan laifi na shekarun 1940, inda inuwar sandunan taga ke faɗowa a fuskar mutum tamkar an riga an kulle shi tun kafin a kama shi.

To, me ya kawo duhun yau?

Dalilin farko na kayan aiki ne. Tsohon faifan ɗaukar hoto yana bukatar haske mai yawa kafin ya kama komai, kuma fina-finai masu launi na shekarun 1930 sai da aka tara musu fitilu har zafi ya riƙa galabaitar da 'yan wasa. Kyamarorin zamani, musamman daga wajen 2010, suna iya gani da ɗan hasken da bai taka kara ya karya ba, don haka abin da da ba ya yiwuwa yanzu ya zama ruwan dare. Wannan ya zo daidai da wani yayi a tsakanin masu ɗaukar hoto, na cewa kowane haske sai an ga tushensa a cikin labarin, ko taga ce, ko wuta, ko fitilar titi. Idan labarin ya ce dare ne kuma babu wata, sai su ce to duhun ne gaskiya.

Dalili na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin inda aka gama fim da inda ake kallonsa. Ana daidaita launi da haske ne a ɗaki mai duhu, a kan allo mai tsada da ke iya nuna bambanci tsakanin baƙi da baƙi-baƙi. Mai kallo kuma yana kallo a waya ko talabijin, da rana, taga a buɗe. Ƙari a kan haka, kamfanonin da ke turo fim ta intanet suna matse hoton domin ya yi sauƙin tafiya, kuma wuraren duhu ne matsewar ta fi ɓatawa, su koma dunƙule-dunƙulen toka. Akwai kuma zargin da masu kallo ke yi, wanda ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a cikinsa ba, cewa duhu na rufa wa aikin kwamfuta asiri idan dodo ko rundunar da aka zana ba su fito da kyau ba.

Masu shirya fim suna da hujja idan suka ce tsoro na bukatar abin da ba a gani, kuma yaƙin dare da aka haska kamar filin ƙwallo ba zai girgiza kowa ba. Amma a ganina hujjar tana da iyaka. Duhun gwanayen da suka gabata duhu ne da aka bar abu guda a cikinsa yana haske, ko ido, ko hannu, ko bakin ƙofa, domin mai kallo ya san inda zai ajiye idonsa, ya kuma ji tsoron abin da ke kewaye. Idan aka rasa wannan abu guda, to ba a ɓoye komai ba, an dai hana mutum bin labarin ne. Wanda kuma ya san cewa a gida za a kalli aikinsa, bai kamata ya yi shi kamar kowa na da ɗakin sinima ba.

Sutura: abin da riga ke faɗa

Kafin jarumi ya ce uffan, tufafinsa sun riga sun gaya wa mai kallo zamanin da ake ciki, da arzikin mutumin, da sana'arsa, da yadda yake son a ɗauke shi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin mutum kan yi ƙarya da rigarsa kamar yadda yake yi da bakinsa, kuma gwanin mai tsara sutura yana barin wata 'yar kafa da za a gane ƙaryar. A duba ƙaramin ma'aikacin da ya je neman aiki a babban kamfani. Rigarsa fara ce tas, an goge ta har karin guga ya tsaya, amma bakin wuyanta ya fara zare, kwat ɗin da ya ɗora ya fi kafaɗarsa faɗi da alamar aro ne, takalminsa kuma ya sha mai amma dunduniyar ta cinye ta gefe guda. Ba a bukatar wani ya fito ya ce talaka ne mai gudun raini. Idan aka sa masa sabuwar riga daga kanti, duk wannan bayani ya tafi.

Shi ya sa a manyan fina-finai ake da ma'aikatan da aikinsu kawai tsofar da tufafi. Suna goge gwiwar wando da takardar gurza katako, su caccaki bakin aljihu da burushin waya, su shafa rini a hammata da wuya domin ya yi kama da tsohon gumi. Rigar da jarumi zai yi faɗa da ita kuwa ana ɗinka ta kwafi da yawa, daga mai tsabta zuwa mai ƙura zuwa mai jini, saboda ba a jere ake ɗaukar fitowa ba, ana iya ɗaukar ƙarshen faɗan yau a ɗauki farkonsa bayan mako biyu.

Sutura ta fi yin aiki idan tana sauyawa. Saurayin da ya fara fim da tufafi masu haske, sakakku, sannan a hankali launinsu ya riƙa duhu, ɗinkinsu yana matsewa, wuyansu yana rufewa, mai kallo zai ji cewa mutumin ya taurare ko da bai lura da dalilin ba. Tsoffin fina-finan kaboyi sun shahara da hanya mafi sauƙi, farar hula ga na kirki, baƙa ga mugu, kuma da mai kallo ya haddace wannan sai masu wayo suka fara juya ta domin su yaudare shi. Wani lokaci kuma riga guda ce ke ɗauke da nauyin fim. A Schindler's List na 1993, wanda aka ɗauka da baƙi da fari, an bar jan launi a jikin kwat ɗin wata ƙaramar yarinya da ke tafiya a tsakiyar kisan da 'yan Nazi ke yi wa Yahudawa a birnin Krakow na ƙasar Poland. Daga baya aka sake nuna jan kwat ɗin a cikin gawawwaki. Dubban mutanen da ido ba zai iya riƙewa ba sun taru a jikin mutum guda da ba zai iya mantawa ba.

Akwai taƙaddama a nan ma, tsakanin masu son a bi tarihi sau da ƙafa da masu cewa fim ba gidan adana kayan tarihi ba ne. Na farkon suna ganin cewa mutane da yawa daga fim suke sanin tarihi, don haka kuskuren ɗinki kuskuren ilimi ne. Na biyun suna cewa idan tufafin ainihi za su sa mai kallon yau dariya a inda ake son ya ji tausayi, to bin tarihin ya ci amanar labarin. Wata hanya ta uku ita ce wadda mai tsara sutura Ruth Carter ta bi a fim ɗin Black Panther, inda ta ƙirƙiro tufafin ƙasar da ba ta wanzu ba daga kayan ƙabilun Afirka da suka wanzu, kamar bargon Basotho, da zobban wuya na Ndebele, da ado irin na Maasai, da hular matan Zulu. Aikin ya ba ta Oscar a 2019, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar a wannan fanni, ko da yake an samu masu cewa haɗa al'adu masu nisa da juna a tukunya guda na ƙarfafa tunanin nan na cewa Afirka gari ɗaya ce.

Wuri da kayan da ke cikinsa

Misalin da ya fi fito da aikin wuri a fili a 'yan shekarun nan shi ne fim ɗin Koriya ta Kudu mai suna Parasite, na 2019, wanda ya zama fim na farko da ba da Turanci aka yi shi ba da ya ci babbar kyautar Oscar. Labarin iyali biyu ne, talakawa da attajirai, kuma gidajen biyu gina su aka yi musamman domin fim ɗin. Talakawan suna zaune a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa, tagarsu daidai take da titi, abin da suke hange shi ne ƙafafun masu wucewa da mashayin da ke fitsari a jikin bango. Attajiran suna kan tudu, bangon falonsu gilashi ne mai faɗi da ke kallon koren lambu. Duk lokacin da talakan zai je gidan mai kuɗi sai ya hau, duk lokacin da zai koma sai ya gangara, kuma a daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan da masu tudu suka kalla ta gilashi suna sha'awa shi ne ya gangara ya cinye ɗakin na ƙasa. Mai tsara wurin, Lee Ha-jun, ya mayar da bambancin arziki abin da ake aunawa da matakala.

Dabarun da ba su kai wannan girma ba suna nan a kusan kowane fim. Rufin ɗaki mai ƙasa-ƙasa yana danne mutum, falo mai faɗi da kujera guda yana nuna kaɗaicin mai shi, miji da mata da aka ɗauka da ginshiƙi ko bakin ƙofa a tsakaninsu an raba su tun kafin su yi faɗa. Ƙananan kaya kuma su ne tarihin mai ɗakin: hoton da aka kife, agogon da ya tsaya ba a gyara ba, gadon yaro da aka gyara tsaf alhali ƙura ta rufe teburinsa. Ko ainihin wuri aka je, ko gini aka yi a sutudiyo, ko kwamfuta ce ta zana bayan jarumi, tambayar ba ta sauyawa, wato me wurin ke faɗa game da wanda ke cikinsa.

Kuskuren mayar da launi ƙamus

Yawancin bayanan da ke yawo a intanet game da wannan batu suna jera launuka ne da fassararsu, ja haɗari, shuɗi baƙin ciki, kore hassada, fari tsarki, kamar dai an gama magana. Wannan shi ne babban kuskuren mai fara nazari. A yawancin ƙasashen Turai baƙi ne launin makoki, amma a Indiya da Sin fari ne ke da wannan matsayi a al'adance, ja kuma launin amarya ne. Wanda ya shiga fim ɗin Indiya da ƙamus na Turai zai karanta bazawara a matsayin amarya.

Ko a cikin al'ada guda, fim ne ke gina ma'anar launinsa da kansa, ta hanyar maimaitawa da saɓawa. Hanyar da ta fi inganci ita ce mutum ya lura da inda wani launi ko wani irin haske ya fara bayyana, da wanda yake tare da shi, da lokacin da ya koma jikin wani ko ya ɓace. Idan kore ya kasance launin uwa tun farkon fim, sannan bayan rasuwarta aka ga 'yarta ta fito da koren gyale, ma'anar ta fito daga fim ɗin ne, kuma babu jadawalin da zai ba da ita. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu wuce gona da iri, waɗanda ke ganin saƙo a kowane labule. Wani abin kuɗi ne suka ƙare, wani hadari ne ya rufe rana ranar ɗauka. Abin da ya bayyana sau ɗaya yana iya zama tsautsayi, amma wanda ya dawo sau uku a muhimman wurare da wuya a ce ba da niyya ba ne.

Inda abin ke taɓa mutane

Tun da waɗannan kayan aiki suna shiga zuciya ba tare da sallama ba, suna iya shigar da son zuciyar masu riƙe da su. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton mace farar fata, wanda da shi ake daidaita launi, kuma faifan kansa an haɗa shi ne da irin wannan fata a zuciya. Sakamakon shi ne, fuskar baƙar fata takan fito ba tare da bayani ba, sai idanu da haƙora, musamman idan tana tsaye kusa da farar fata. Binciken da Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa daga cikin abubuwan da suka tura kamfanin gyara har da koken masu sayar da kayan katako, waɗanda tallansu ba ya bambance katako mai duhu da mai haske. Sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban.

Gyaran da aka daɗe ana yi, na antaya wa baƙar fuska fitila mai ƙarfi, toka-toka kawai yake mayar da ita. Masu ɗaukar hoto na baya-bayan nan sun nuna cewa baƙar fata tana mayar da haske ne kamar madubi mai laushi, don haka abin da take so shi ne haske mai faɗi da za ta ɗauka ta yi sheƙi, a daina kashe ta da hoda, kuma tana karɓar hasken shuɗi da na shunayya da kyau ƙwarai. Ga ɗan wasa wannan batun abinci ne, domin wanda ba a iya haska fuskarsa ba, ba a ganin gwanintarsa, wanda ba a ga gwanintarsa ba kuma ba a sake kiransa.

Wurare ma suna shan irin wannan. A fim ɗin Traffic na 2000, darakta Steven Soderbergh ya ba kowane reshe na labarin launinsa domin kada mai kallo ya rikice, sai ɓangaren Meziko ya samu ruwan ɗorawa mai ƙura. Dabarar ta yi aiki a can, amma sai aka yi ta kwaikwayonta har ta zama al'ada, duk inda aka nufi nuna ƙasa mai talauci ko rikici sai a rina sararin samaniyarta da rawaya, a bar biranen Turai da shuɗinsu mai tsabta. A 2020 mutanen Bangladesh sun yi ƙorafi a fili kan yadda wani fim na Netflix ya nuna birnin Dhaka da wannan launi. Masu kare dabarar suna cewa zafi kawai ake son nunawa, masu suka kuma suna amsawa da cewa akwai biranen Amurka masu tsananin zafi da ba a taɓa yi musu haka ba, kuma wanda bai taɓa zuwa wuri ba, hoton fim ne ke zama masa gaskiyar wurin.

Kwalliya ita ma ta shiga sahu. An daɗe ana amfani da tabo ko ƙuna a fuska a matsayin gajeriyar hanyar nuna mugu, har masu irin wannan lalura a Birtaniya suka ƙaddamar da gangamin neman a daina, suna cewa abin yana bin su har makaranta da wurin neman aiki. A 2018 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta amsa kiran, ta sanar da cewa ba za ta ƙara zuba kuɗinta a fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta ba.